Ɗan Gashua Mai Bakin Tsiya

"Wai wannan layin kantuna ne, ko makwancin awaki?"

Saƙon murya ne ya faɗo zauren WhatsApp na 'yan Nguru, daga wani mai kiran kansa Ɗan Gashua. Muryarsa a shaƙe take kamar mai mura. Ya yi dariya, ya ɓace. Aka kira lambar, a kashe.

Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. Tsohon layin da ke bakin tashar jirgi, inda a da ake auna gyaɗa da ƙiraga, ya koma gidan jemagu. Shekara da shekaru Malam Ajimi, shugaban 'yan layin, yana roƙon a gyara, ana ce masa sai bayan damina.

Bayan kwana biyu mutumin ya dawo. Ya ce kifin banda ma ya fi bangon kantunan kyan fata. Ya lissafa waɗanda kwanonsu ya yaye ɗaya bayan ɗaya, bai kuskure ko guda ba.

Babu wanda abin ya fi ɓata wa rai kamar Alhaji Ibram mai fenti, wanda shagonsa kaɗai ya rage a buɗe a layin. Ya rantse in ya kama shi sai ya yi masa wanka da baƙin fenti. Har Gashua yake zuwa duk mako, ya dawo ya ce yana nan yana cigiya.

Abin da roƙo ya kasa, gori ya yi. Aka kira gayya. Magada suka kakkaɓo makullan kakanninsu, kafintoci suka hau rufi, samari suka kori jemagu da hayaƙi. Hajiya Meram ta kwaso kaskon suyar kifinta ta dawo layin, masu shayi da teloli suka biyo ta. Duk sanda aiki ya yi sanyi, sai Ɗan Gashua ya leƙo ya ce shafa ɗaya ai kwalliyar matsiyata ce. Sai a ƙara ta biyu.

Ranar buɗewa layin na walƙiya, shuɗi da fari. Da gangan aka gayyato mutanen Gashua, aka zaunar da su a gaba. Alhaji Ibram ne aka ba almakashin yanka zare.

Malam Ajimi ya karɓi lasifika ya dubi jagoran mutanen Gashua, Babagana.

"To, baƙinmu, ina mai bakin naku? Ya fito ya gani."

Babagana ya miƙe a fusace.

"Ku fara fito mana da naku, Malam! Wani Ɗan Nguru ya hana mu sakat a zaurenmu da zagin tsohuwar kasuwarmu, sai da muka fente ta kaf, shafa uku!"

Malam Ajimi da Babagana kowanne ya zaro waya, suka yarda a gwada kiran lambobin masu gorin biyu a gaban jama'a. Aka yi sa'a, ran nan duka biyun suka shiga.

Sai wayoyi biyu suka ɗauki kuka a aljihunan Alhaji Ibram mai fenti, ɗaya a dama, ɗaya a hagu.