Uwani a Iyakar Jibiya

Tun a tashar Katsina direba ya gargaɗi Tanimu. "Malam, in an yi wa yarinyar nan maganin biri, ba za ta wuce Jibiya ba."

An yi wa 'yar tasa Uwani kuwa. Tana shekara uku ƙashinta ya daina girma, likitoci suka sa mata ƙwayar halitta guda ta goggon biri, ta miƙe kamar kowa. Yanzu mahaifiyar Tanimu na kwance a Maraɗi, ba wanda take kira sai takwararta Uwani.

A kan iyaka na'ura ta yi ƙara da yarinyar ta gifta. Maimakon ɗan kwastan, ma'aikacin gandun daji ne ya taso.

"Baba, doka ta hana fitar da duk abin da ke ɗauke da halittar biri. Birai sun kusa ƙarewa a duniya."

"Abin?" in ji Tanimu. "Ni na raɗa mata suna. Izu biyar ta haddace. Uwani, gaishe shi."

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon ƙasa, ya kai su rumfar jira, inda aka ajiye aku a keji da kunkuru a buhu. Da ta ce ƙishirwa take ji, ya ɗebo ruwa, ya ɗan tsaya yana duban kofi da kaskon dabbobi da ke ƙasa, sannan ya ɗauki kofin.

Motarsu ta wuce. An ce izini zai zo daga sama. Ba wanda ya san ranar, Tanimu kuma bai san ko tsohuwa za ta kai ba.