Mai Ginin Tukwane Ta Shiga Birni

Tun da ka ce zuciyarka ta karkata ga komawa birni, zauna ka ji abin da ya faru da wata mata mai ginin tukwane. A ƙauyensu ta gaji sana'ar, hannunta kuwa ya iya yumɓu. Sai robobi suka cika kasuwa, tulunanta suka yi ta kwantai, ga zaizayar ƙasa ta cinye rabin gonar mijinta, rumbu yana ƙarewa tun kafin damina ta sauka. Suka fara shawarar tashi. Masu zuga suka ce a birni ko tsinke ka sayar ka ci abinci, masu tsoratarwa suka ce can ko gaisuwa ba a amsawa. Ita dai ta ce wa maigidan kada a kwance ko akuya ɗaya sai ta je ta dawo. Ta sauka wajen wata tsohuwa mai sayar da koko, 'yar garinsu ta asali, wadda aure ya kai birni tun tana budurwa. Gidan haya ne, iyalai birjik suna layin banɗaki ɗaya. Ruwa sai an saya wajen 'yan garuwa, itace sai an saya, ko ganyen miya babu na tsinka. Ta kai tulunanta babbar kasuwa, ta wuni a rana ba wanda ya taya, da yamma 'yan dako suka fasa mata biyu. Ta dawo ta ɗaure kayanta, ta ce gobe sai gida.

Tsohuwa ta dube ta, ta ce, "'Yar nan, kasuwa kika gani, ba ki ga gari ba." Da gari ya waye ta sa ta a gaba, lungu-lungu. Ta nuna mata masu waina suna fama da tanda mai ƙonawa. Ta nuna mata gidajen amare inda ake neman kaskon turaren wuta. Ta kai ta ƙofar masallaci da zafin azahar, an ɗauke wuta, firji ya zama akwati, mutane suna kurɓar ruwa mai ɗumi suna yatsina fuska. Sannan ta kai ta bayan gari inda yumɓu yake, ta gaishe da mai unguwa, ta roƙa mata wurin gashi nesa da gidaje, don kada hayaƙi ya haɗa ta da maƙwabta. Matar ta naɗe hannun riga. Randar farko a ƙofar masallacin ta ajiye ta sadaka. Wanda duk ya sha sai ya tambayi wa ya gina. Kafin shekara ta zagayo, masu shaguna da masu waina ne ke sallama a ƙofarta tun da sassafe. Ta aika aka zo da mijinta da 'ya'yanta, shi yana haƙo yumɓu yana kai kaya, yara suka shiga makaranta. Ranar da ta koma ƙauye ganin dangi, mota guda ta cika da hatsi, waɗanda suka ce za ta dawo da kuka su suka fara tarbarta suna neman ta tafi da su.

To, kafin ka ɗaure kaya, nemi wanda ya san lungunan. Hausawa suka ce, da ɗan gari akan ci gari.