Zaren Gilashi a Cikin Simintin Ƙashi

Tunda kin ce ɗan motsin layin nan na kan allon na'urar gwaji bai kai a damu da shi ba, zauna in ba ki misali. Akwai wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji a wani asibitin ƙashi. Duk ranar da aka sa wa mutum ƙugun ƙarfe, akan kwaɓa simintin da ke riƙe ƙarfen a cikin ƙashi, ita kuma sai ta karɓi ragowar kwaɓin ta zuba a ɗan mazubi, ta binne zaren gilashi mai sirantar gashi a tsakiya. Haske ke bi ta cikin zaren. In simintin ya takura ko ya miƙe, hasken yakan sauya, layin kan allo ya karkata. Wata rana aka yi wa wani tsohon manomi aiki cikin tsananin zafi, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Simintin ya fara kamewa da wuri, mai kwaɓawa ya yi ta juyawa da sauri har iska ta shige ciki. Da ragowar ta bushe, samanta sumul kamar ƙwai, amma layin ya ƙi daidaita. Likita ya shafa saman ragowar da yatsa ya ce zaren ne ya lalace. Aka sallami tsohon.

Matar ta kasa sakewa. Ta ɗora ragowar a injin da ke dannawa kamar takun mutum, ta zauna tana kallon layin yana hawa kaɗan-kaɗan. Kwana na uku ta ji ƙas! Simintin ya rabe biyu, cikinsa duk ramuka kamar gidan gara. Nan take ta tuna wannan kwaɓin ne a jikin tsohon, kuma kowane taku nasa dannawa ce. Ta kira lambar ɗansa sau bakwai, ba ta shiga. Da motar asibiti ta isa ƙauyen, sai ma'aikatan suka tarar da tsohon ya dogara sanda ya nufi bakin rafi, yana cewa ƙugun na ɗan yi masa ƙara. Hoton ƙashi da aka ɗauka a asibiti ya nuna tsaga ta riga ta fara. Aka sake aikin, ya tsira da ƙafarsa da ƙyar.

Saboda haka koma ki duba layin nan. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.