Sunan Ɗan Fari

Tun da aka wajabta Wakiliya, manhajar hukuma da ke cikin kowace waya, mutane suka koyi magana ƙasa-ƙasa. Ita ta ji ɗan Inna Turai yana ƙorafin tsadar masara, aka zo aka tafi da shi.

Da hantsi Inna ta kai wayarta rumfar Sagiru mai gyara.

"Cire min munafukar nan, ka sa min waccan manhajar da ba ta kai tsegumi."

"Ba ta ciruwa, Inna. Ta cikinta ake shigar da sabuwar, sai ta yarda ta ba ta ɗaki."

"Wato kura zan ba ajiyar akuya?"

Sagiru ya danna. Wakiliya ta amince nan take, har da cewa maraba da baƙuwa. Wayar ta mutu, ta farfaɗo da wata murya mai taushi.

"Sannu, Inna. An sako Muntari kuwa?"

Muntari ɗan farin Inna ne, shekara talatin ba ta kama sunansa, "yaron nan" take cewa. Sau ɗaya ya suɓuce mata, shekaranjiya, tana kuka ita kaɗai a ɗaki.

Ta tura masa wayar.

"Sagiru, ba baƙuwa ka shigar min ba. Zani kawai ka sauya wa tsohuwar."