Yatsan da Magani Bai Taɓa Ba

An yi wata mata mai sayar da fura a bakin wata kasuwar ƙauye, wadda duk yankin aka san ta da tsafta. Ƙwaryarta fara tas, faifanta ko ƙuda ba ya samun wurin sauka. Hannunta kuwa ba ta ba shi hutu: ta wanke kafin ta kirɓa, ta wanke bayan ta mulmula, ta wanke in ta gaisa da mutum, kuma da garin sabulun wanki da ruwan zafi, don a ganinta sabulun da bai ciji fata ba bai fitar da komai ba. Wata rana ta ga bayan hannun ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa gari. Ta ɗauka dauɗa ce, ta sa soso ta dirje. Bayan kwana uku wurin ya yi ja, ya soma ƙaiƙayi. Maƙwabciyarta ta ce lemun tsami, ta matsa. Wata ta ce ruwan toka, ta jiƙa. Wani mai tallan magani ya ba ta mai a kwalba mai ƙamshin turare, ta shafa, ya yi mata raɗaɗi kamar barkono, ta ce a ranta ai aiki yake yi. Kafin wata biyu gaɓoɓin yatsun duk sun tsattsage, ko ruwan randa ta taɓa sai ta cije leɓe. Masu saye suka fara duban hannun kafin su dubi furar. Sai dai a gaishe ta a wuce gaba, fura ta koma gida ta yi tsami.

Ana cikin haka, wuƙa ta yanke ta a ɗan yatsa wajen fere citta. Ta lakato man kaɗanya daga kaskon da ke ɗakinta ta shafa, ta naɗe da tsumma mai tsabta. Saboda tsoron zafi, duk abin da za ta zuba wa hannun sai ta ɗaga wannan yatsa sama, kada ya taɓa shi. Ran kwana tara ta kwance tsumman. Yankan ya haɗe, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya tsayar da ita shi ne fatar da ke kewaye da shi: ta yi laushi, tsagar ta rufe, ba ja ba ƙaiƙayi. Ta fita tsakar gida tana juya hannun a hasken rana. Yatsu tara sun sha magani har sun gaji, guda ɗaya a kwanakin nan bai ɗanɗana ko ɗigo ba, kuma shi ne ya warke. To me ke cikin tsumma? Ko man ne? Ko dai abin da ta hana shi ne ya yi aikin? Tambayar ta hana ta sakat, har ran kasuwa ta shimfiɗa hannun gaban wani tsohon majemi, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ɗin da ba su daina sayen furarta ba. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Baiwar Allah, ni ko fatar akuya na bari ta wuce lokacinta a toka, ko na matsa mata wuƙa wajen karta, takan yi siriri ta kece. In na ga ta fara haka, mai nake ba ta in ajiye a inuwa in tafi harkata. Taki ma da take da rai, ai ta fi sanin yadda za ta ɗinke kanta."

Ba ta yarda nan take ba, sai da ta gwada. Hannun hagu ta ba shi ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mai sanyi, ta tsane da zane ba gugawa, ta shafa man kaɗanyar tun fatar na da danshi. Na dama ta ci gaba da yi masa yadda ta saba. Mako guda bambancin ya fito har ko makaho ya shafa zai gane. Ta zubar da ruwan tokar, ta bar wa miya lemun tsami, maƙwabciyarta ta karɓar mata wankin ƙore, ita kuma ta koma ɗibar fura da ludayi. Sau da yawa takan ga ɓawo ya taso, hannunta ya kai ga soso, ta tuna, ta janye. Wannan janyewar ta fi mata kowane magani wuya. Sai da aka yi kasuwa shida kafin tsagar ƙarshe ta rufe, a ta bakwai kuwa tun kafin azahar ta kife ƙwarya, fura ta ƙare.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.