Bahon Mama

Shekarar da ciwon aladu ya shigo Gonin Gora, mai unguwa ya hana kowa shiga daji, har da kogon bayan dutse inda muke wasan ɓuya. Mama ta girke baho a ƙofar gida, cike da ruwan magani mai warin asibiti. Ko fasto ne ya zo, sai ya tsoma takalmansa.

Wata la'asar na cika na yi fam. Na ce, "Mama, ni alade ne da za a kulle ni?"

Ta ce, "Ciwon nan ba shi da ƙafa, taku yake ara."

Sai ga likitan dabbobi ya iso, shi ma ya tsoma takalmansa. Aladun maƙwabtanmu an riga an binne su. Ya shiga wurin namu ya daɗe, Mama na damƙe da hannuna har ya yi zafi.

Da ya fito ya ce, "Madam, lafiyarsu ƙalau. Kada ki ɗauke bahon nan."

Mama ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya.

Har yau in na shiga asibiti, wasu na toshe hanci, ni kuwa sai in ji Mama ta saki hannuna.