Barcin Yaya

Yaya ta farka da yawu a gefen baki, wuyanta a sage kan hannun kujera. Agogon bango ya nuna biyar saura kwata. Kwana goma sha ɗaya ke nan a jere.

Mace ce da ba ta san barcin rana ba. Wata goma sha huɗu tun da ɓarin jikin Inna na hagu ya shanye, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke kwashe abin da ba a faɗa. Ta rufe shagon ɗinkinta. Ta rame har zobe na zamewa daga yatsa. Kukanta a banɗaki take yi, ta buɗe famfo don kada a ji, ta manta bangon banɗakin shi ne bangon gadon Inna. Amma ko gyangyaɗi ba ta taɓa yi ba.

Yanzu kuwa ƙarfe biyu da rabi na yi sai ta tafi kamar an buga mata taɓarya. Ruwa ba ya tsami banza.

Abu ɗaya ya canja a gidan: Auta. Ƙanwar tata da a da sai waya, "Ya jikin Inna?", yanzu kullum azahar tana nan da filas ɗin shayi da ƙamshin turare. Ita ce kuma ta ɗauki Yaya hoto tana barci baki buɗe, ta tura wa mazan gidan.

"Yaya, kin gaji. A maido Inna wajena, ina da mai aiki."

"Mai aikin ce ta sha nononta?"

An dai sa Asabar 'yan uwa su zauna a yanke. In ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

Yaya ta daina shan shayin Auta, ta dafa nata. Ta yi barci. Ta sayo sabon sukari. Ta yi barci. Ta buɗe kwalbar ƙwayar da likita ya rubuta wa Inna, wadda ke kwantar mata da zugin ƙafa ta sa ta barcin rana, ta ƙirga. Daidai take, ɗaya kullum, babu wadda ta yi ƙafa. To ashe 'yar banza Auta da tata ƙwayar take zuwa a jaka.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Inna. Idanunta sun yi ja, leɓenta na ƙasa duk shatin haƙori, zanen gadon ta ɓangaren dama a cukuikuye kamar an yi dambe da shi. Me ake yi wa tsohuwar nan in ita Yaya ta ɓingire da barci?

"Inna, wani na taɓa ki?"

"Wa zai taɓa ni, kina tsaye a kaina kamar soja?" Harshen ya yi nauyi, amma kaifinsa na nan. "Sha shayinki, uwar bincike."

Ran Alhamis Yaya ta shirya. Kafin Auta ta iso ta ɗan karkata madubin kabad, yadda daga bakin kicin ana hango gado, da kujera, da ɗan teburin da ke dama da Inna.

Ƙarfe biyu ta yi komai yadda ta saba. Ta ajiye kofinta a kan teburin. Ta ɗauko ƙwayar, Inna ta miƙo tafi, don tun farko ta ce ita ba jinjira ba ce da za a ɗura mata. Ta kai hannu baki, ta kurɓi ruwa, ta yamutsa fuska.

"Wannan ruwan wanka ne? Je ki kawo mai sanyi."

Kullum haka take faɗa. Yaya ta fita, ta buɗe firij da ƙarfi don a ji, ta laɓe tana kallon madubi. Yau sai ta kama hannun Auta dumu-dumu, ta kai shi gaban mazan gidan ran Asabar.

Auta na zaune ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ta buɗe jaka. Waya ta ciro, ta juya baya tana latsawa, har da 'yar dariyarta. Ko kallon kofin ba ta yi ba.

A gefen madubin wani abu ya motsa. Hannu ne, siriri, mai rawa, yana rarrafe kan zanen gado. Ya huta. Ya ƙara gaba. Inna ta cije leɓe daidai inda shatin nan yake, ta miƙa hannun nan ɗaya da ya rage mata, ta buɗe yatsu, ta saki ƙwayarta cikin shayin Yaya.